Taswira ba ta san inda kwalekwale ke bi ba

A ambaliyar Satumban 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa daga Argungu har Birnin Kebbi, talakawa sun yi nasu ƙoƙarin. Wannan ya turo dubu biyu ta waya, wancan ya ba da mudun gero. Matsalar ita ce kayan kan tsaya inda mota ta tsaya. Tungar da ruwa ya yanke sai dai ta ji labari.

Masu sha'awar fasaha sukan ce maganin shi ne OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa kyauta. Hujjarsu Haiti ce: bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe da dama sun zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, suna duba hotunan tauraron ɗan adam.

Ni kam kwatancen bai gamsar da ni ba. A birni, ko gidaje sun rushe, titi yana nan. A fadamar Rima kuwa hanyar kanta ce ke ɓacewa, ga gajimaren damina da ke rufe hoton. Mai zane daga Landan zai ga rufin ɗaki, amma bai san sunan tungar ba, balle mashigar da kwalekwale zai bi bai maƙale a kunyar gona ba. Masuntan Matan Fada ne suka san wannan. Ana iya tattara sunaye da mashigai ta KoboCollect ko babu intanet, amma sai wani ya zauna da su tun da rani, kafin a saki ruwan Goronyo.