Tsohuwar Akori-kura da Gida a Bayanta

A Amurka, da zarar sanyi ya ja baya, manyan hanyoyi sukan cika da wani irin ayari: akori-kura a gaba, ɗaki sukutum yana bin ta a kan tayoyi, da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa a cikinsa. Tirelar yawon shaƙatawa ke nan, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Mai hali yakan je ya sayi sabuwar mota wadda kamfani ya riga ya shirya wa wannan aiki, ya maƙala tirela ya kama hanya. Wanda yake burge ni shi ne mutumin da ke da Ford F-250 ta 1999 mai injin dizal Power Stroke, ko Dodge Ram mai injin Cummins irin wanda aka fara sa mata a 1989, motar da ta ba shekara ashirin da biyar baya, ya ce da ita zai haye duwatsun Kolorado da iyalinsa, kuma ya san abin da zai yi mata kafin ya tashi.

Ɗan koyo da injin yake farawa. Tambayarsa kullum ita ce, za ta iya ja? To ai ja ba ya ba waɗannan motoci wuya, kusan kowace akori-kura za ta iya motsa kayan da suka ninka ta nauyi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Gwani da sikeli yake farawa. Yakan cika tanki, ya zuba iyali da kare da duk tarkacen da za a tafi da su, ya nufi tashar manyan motoci inda ake da sikelin CAT Scale, ya hau. Takardar da za a miƙo masa tana raba nauyin gaba da na baya. Sai ya buɗe ƙofar direba ya karanta tambarin da kamfani ya liƙa a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai gaba ɗaya da iyakar abin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka. Bambancin da ke tsakanin takardar sikeli da wannan tambari shi ne ainihin abin da ya rage masa.

A nan lissafi yake kunyata mutane da yawa. Tirela ba jan ta kawai ake yi ba, hancinta yana danne bayan mota, kuma dole ne ya danne. Ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan maƙalar da ke haɗa ta da mota. Idan ya gaza haka, wato kaya sun taru a bayan tayoyin tirela, da an ɗan ƙara gudu sai ta fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi har ta kifar da kanta da mai jan ta. A ɗauka mota tana da iyakar kilo 2,900, sikeli ya nuna 2,500 da mutane a ciki. Saura 400. Tirela mai kilo 3,000 za ta ɗora kusan 390 a hancinta, ƙarfen maƙala kansa ya ƙara wasu kilo 40, an wuce iyaka tun ba a cika tankin ruwa ba, kuma kowace lita kilo guda ce. Littafin motar zai iya cewa tana jan kilo 3,500, bai yi ƙarya ba, amma ba a kan wannan lamba ake fara karyewa ba.

Ita kanta lambar littafin, gwani yana ɗan sa mata alamar tambaya idan motar tsohuwa ce. A wancan zamani kowane kamfani da irin awonsa. Sai daga baya ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fito da ma'auni guda mai suna J2807, wanda a cikinsa ake sa mota ta ja kaya ta hau gangaren Davis Dam a Arizona, tafiyar kimanin kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyi a kunne har ƙarshe. Toyota ce ta fara bin sa a motocin 2011, Ford da GM da Ram suka biyo baya a ƙananan akori-kurarsu na 2015. Motar 1999 ba ta taɓa cin wannan jarrabawa ba, saboda haka mai ita yakan rage wa kansa wani abu daga lambar.

Daga sikeli sai ƙarƙashin mota, da fitila da guduma. A jihohin arewa irin su Mishigan da Ohayo ana watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙarfe a hankali. Yakan ƙwanƙwasa shasi, musamman inda za a ɗaure maƙala, yana sauraron sautin. Yakan bi siraran bututun man birki da yatsa tun daga gaba har baya, domin bututun da tsatsa ta ci zai riƙe a tuƙin gari na yau da kullum, ranar da aka taka da ƙarfi da gida a baya ya fashe. Man birkin ma zubar da shi ake yi. Irin DOT 3 yana sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshi daga iska, idan ya tsufa sai ya tafasa a wajen 140. Man da ya tafasa ya zama kumfa, ƙafa ta tafi har ƙasa babu komai.

Taya kuma ba a yarda da kyan fuskarta. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta nuna 2315 an yi ta a mako na 23 na 2015, ko zanenta yana nan raɗau ta tsufa. Wadda ke da lambobi uku kacal kafin 2000 aka yi ta, wannan kam sai bola. Ana sa masu alamar LT, masu taurin gefe, a hura su daidai da lodi.

Abin da ya fi kashe tsofaffin motocin nan a bakin aiki shi ne zafi, kuma giyabos mai canza kanta ce take fara mutuwa, ba injin ba. Cikinta mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya, a hawan dutse man yana dakuwa yana zafi, idan ya ƙone sai faifan ciki su fara zamewa. Shi ya sa za ka ga mai irin wannan mota ya ƙara ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban, ya kafa agogon zafinsa a kusa da sitiyari inda ido zai riƙa faɗawa kansa. Yakan jawo sandar awon mai ya shinshina. Ja mai haske lafiya lau, mai duhu da ƙauri kuwa labari ya fara ɓaci. Lagireto, tiyo, fambel, famfon ruwa, duk wanda shekarunsa suka kai a sauya shi a gida, ya fi arha a kan kiran janwe a tsakiyar hamadar Nebada.

Maƙalar da ake amfani da ita ga tirela mai nauyi ita ce wurin da hikimar ta fi fitowa fili. Idan hancin tirela ya danne baya, gaban mota yakan ɗaga, tayoyin sitiyari su yi sako-sako, fitilu su koma haska rassan itatuwa. Sai a kawo sandunan ƙarfe biyu masu tauri, a soka su a kan maƙala, a ɗaure ƙarshensu da ƙarfi a jikin tirela. Aikinsu irin na hannayen baro ne, ka ɗaga su nauyi ya koma kan tayar gaba. Gwani yakan auna tsayin bakin bodi a kan tayar gaba da tef kafin a maƙala, ya sake aunawa bayan an maƙala, ya yi ta ƙara ko rage ɗaurin har gaban ya dawo kusa da inda yake. Wasu suna sa balan-balan na iska a kan sifirin na baya motar ta miƙe, su ɗauka sun gama. Ta miƙe a ido, amma nauyin yana nan inda yake, kuma tambarin ƙofa bai ƙaru da kilo ko ɗaya ba.

Saura birkin tirela, wanda lantarki ke kamawa. Sababbin motoci da yawa da na'urar sarrafa shi suke fitowa, tsohuwa sai an kafa mata. Akwai mai arha da ke ƙara ƙarfi bisa lokaci, ko ka taka a hankali ko da gaggawa duk ɗaya ne a wurinta, akwai kuma irin Tekonsha Prodigy da ke jin yadda motar ke rage gudu ta kama daidai da haka. Ana jan waya zuwa soket mai baki bakwai a baya, kuma rabin fitinar fitilun tirela daga wayar ƙasa mai tsatsa take. Sarƙoƙi biyu a giciye a ƙarƙashin hanci, don su tallafe shi idan ya zame. Siririyar waya kuma a ɗaure a jikin motar kanta, ba a jikin sarƙa ba, idan tirela ta ɓalle ta fizge ta, batirin tirela ya danne birki.

Duk wannan shiri ana gwada shi ne a wuri irin ramin Eisenhower da ke kan babbar hanyar I-70, a tsayin kimanin mita 3,400. Injin fetur marar turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, ya iso can yana haki. Fitowa ta yamma kuma gangare ne mai kashi 7 cikin ɗari, fiye da kilomita goma har garin Silverthorne, da hanyoyin tsakuwa a gefe don manyan motocin da birkinsu ya mutu. Wanda ya iya yakan sauke giya tun daga sama, ya bar injin ya riƙe, ya taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ya saki ya huce, ba ya ɗora ƙafa yana goga shi. Idan babbar mota ta wuce iskarta ta kaɗa tirela, ba ya juya sitiyari yana kokawa da ita, kuma ba ya taka birkin mota. Yakan ɗage ƙafa daga totur, ya miƙe hannu, ya matse ɗan maɓallin da ke kama birkin tirela ita kaɗai, sai ta ja baya ta koma layi. A tasha ta gaba ya sauka ya zagaya, yana kai bayan hannu kusa da kowace cibiyar taya, yana neman wadda ta fi 'yan'uwanta zafi.