Simintinmu, Katangar Maƙwabci

Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996, gidaje ke ta hawa gangare a Tudun Gwandara da Tudun Kauri. Sai dai yadda muke gyaran tsakar gida, da sake. Mutum ya malale ko'ina da siminti, wai ya huta da taɓo. To, ruwan Agusta ina za shi? Ƙasarmu rairayi ce. Ya fito wuriya a guje, ya ci gindin katangar maƙwabci, baɗi sai kwazazzabo. Gara magini ya yanka gangaren dakali-dakali, matakala a tsakani, a dasa jema ta riƙe ƙasa, wuriya ta zuba a lambatu. Ya fi sake katanga araha, balle shari'a da maƙwabci.