Ɗorin gida a ƙasar Dakoro: inda hannun maɗori yake kaiwa

Idan mutum ya karye a wani ƙauye na Kornaka, ko Birnin Lalle, ko can arewa wajen Tarka, da wuya a tsaya shawarar inda za a kai shi. Kowa ya san gidan maɗori. Karaya kuwa ba baƙuwa ba ce a gundumar Dakoro. Babur ɗin kabu-kabu ya zame a rairayi da mutum uku a kai, amalanke ta kife ranar kasuwa, raƙumi ya kayar da mai shi, bijimi ya ture makiyayi a bakin rijiya, yaro ya faɗo daga gawo yana sarar wa awaki ganye. Birnin Maraɗi yana kudu, nisan fiye da kilomita 100 daga garin Dakoro, kuma kafin ɗan ƙauye ya hau kwalta ma akwai tafiya. Maɗori kuwa ga shi nan kusa. Ya san iyayen mai karayar, kuma yakan yi haƙuri da ladansa har kaka.

Sana'ar ta gado ce. Ɗa yana koyo a gefen ubansa, yana riƙe ƙafar majinyaci tun bai tasa ba, kuma a garuruwan Hausa da dama har sarautar Sarkin Ɗori ake naɗawa. Maɗori zai fara da shafa wurin, yana lalubar inda ƙashi ya rabu, don ya bambance karaya da targaɗe da gocewa. Sai ƙarti biyu ko uku su danne majinyaci, a ja gaɓar da ƙarfi har bakin ƙashi ya koma kusa da ɗan'uwansa. A shafa man shanu ko wani haɗi na gidan, a yi tofi, a naɗe da tsumma, a jera karan dawa ko tsinkayen itace da aka saƙa kamar asabari, a tamke da igiya. Wasu gidajen sukan karya ƙafar kaza su ɗora ta tare da ta mutumin, a ce ranar da kazar ta taka shi ma zai taka.

Duk wanda ya raina wannan aiki bai dube shi da kyau ba. Ja, daidaitawa, hana motsi: su ne dai ginshiƙan da likitan ƙashi yake aiki da su a Yamai ko a asibitin Dala na Kano. Sauran aikin jiki ne ke yi da ikon Allah. Jini yana taruwa a wurin karaya ya daskare, cikin mako biyu zuwa uku wani tattausan nama ya haɗa bakunan biyu, sannan ya yi ta tauri har ya zama ƙashi. Wuyan hannun babba yakan ɗauki kimanin mako 6, na yaro ƙasa da haka, kuma ƙashin yaro yana miƙe ɗan karkacen da ya rage yayin da yake girma. Mafi yawan karayar da ke zuwa gidan maɗori irin wannan ce, wadda fata ba ta fashe ba kuma ƙashi bai yi nisa da mazauninsa ba. A kansu sunan gidan ya ginu, kuma da gaskiyarsa. Kazar ce dai ke yaudara: ƙashin tsuntsu yana haɗewa cikin ƴan makonni, ƙwaurin babban mutum kuwa yana son wata 3 zuwa 4. Wanda ya bi kaza ya taka da wuri, shi ne ake gani daga baya da ƙafa a karkace.

Ilimin ƙashi na asibiti ma yana da jinin maɗora a jikinsa. Hugh Owen Thomas, wanda ya yi aiki a Libaful ta Ingila a ƙarni na 19, ɗan gidan maɗoran gargajiya ne daga Wales. Ya ƙera wani ƙarfe mai riƙe cinya a miƙe, kuma da wani likita mai suna Robert Jones ya shigar da shi fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutuwar sojojin da suka karye a cinya ta sauko daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne gani. Tun 1895, da wani masani mai suna Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, likita yana duban karaya kafin ya taɓa ta. Maɗori har yau da yatsu yake gani, kuma akwai karayar da yatsu ba sa kaiwa gare ta.

A hannu, babban haɗarin yana cikin ɗaurin kansa. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku, igiya da kara kuwa ba sa buɗewa. Naman damtse da na sangalin hannu yana cikin wata fata mai tauri da ba ta miƙewa, saboda haka idan matsi ya yi yawa jini yana daina shiga. Bayan kimanin awa 6 nama ya fara mutuwa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: zafi mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon ya lafa, ihu idan an miƙe yatsu, yatsun su yi sanyi, su mutu, farce ya canza launi. Abin takaicin shi ne a gidan ɗori ana yawan fassara wannan zafi da cewa magani ne ke aiki, a ce wa yaro ya yi ta maza. Idan aka yi sa'a hannun zai tsira a ƙanƙance, yatsu a lanƙwashe har abada, nakasar da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. Idan ba a yi sa'a ba sai ya yi baƙi ya ruɓe. Yaran da suka karye dab da gwiwar hannu sun fi kowa shiga wannan hali, don babbar jijiyar jini tana wucewa ta gaban wurin.

Akwai kuma wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa, da ke tsagewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Ana ɗaukarsa targaɗe, a murza a sallami mutum. Shi wannan ko hoton farko yakan ɓoye shi, shi ya sa likita ke sa filasta ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka.

Ƙugu ya fi ƙarfin ɗorin gida ɗungurungum. Tsohuwa ta zame a bayan ɗaki, ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje: wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can cikin gaɓa, ƙarƙashin nama mai kauri inda kara ba ya riƙe komai. Sau da yawa karayar tana yanke jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, don haka ko an shekara a kwance ba ya haɗewa. Kwanciyar kanta ita ke kisa, ta hanyar gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Maganinta tiyata ce cikin kwana ɗaya ko biyu, a sa ƙusoshi ko a musanya kan ƙashin da na ƙarfe, a tayar da ita ta fara takawa. A ƙauye kuwa sai a ce tsufa ne, ko iska ce ta buge ta, a shimfiɗa mata tabarma.

Ƙwauri matsalarsa fata. Ƙashin yana kwance dab da ita, kuma faɗuwar babur takan fasa ta har ƙashi ya leƙo, ya kwashi ƙasa da kashin dabbobi. Irin wannan rauni yana son a wanke shi da ruwa mai yawa a ɗakin tiyata, a yanke mataccen nama, a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta da rigakafin sandarewar wuya tun a awannin farko. Tura ƙashin ciki a shafe da man shanu a naɗe, rufe cuta ne a cikin ɓargo, kuma daga nan ake samun ƙafar da ke zubar da mugunya shekara da shekaru. Karayar cinya ita kuma tana iya shanye fiye da lita 1 na jini a ciki ba tare da ɗigo ya fito ba.

To me ya sa mutane ke guje wa asibiti ko da sun ga alamun? Kuɗi da nisa suna ciki. Tiyatar da ke buƙatar ƙarfe takan sa a tura majinyaci Maraɗi ko Yamai, wasu su nufi asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, masu hali su tsallaka zuwa asibitin ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Kowace tafiya tana nufin kuɗin mota, kuɗin ƙarfe, da mai jinya da zai bar gona ko garke. Amma tsoro ya fi kuɗi nauyi. Maganar da ke bakin mutane ita ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Saboda wannan tsoro ake zama gidan ɗori har gaɓa ta ruɓe, sai a kai ta asibiti lokacin da babu abin da ya rage sai yankewa don a ceci rai. Mutum ya dawo gari da dungu, kowa ya gani, maganar ta ƙara ƙarfi. Ba a cika tambayar yaya ƙafar take ranar da ta bar ƙauye ba.

Hana ɗorin gida ba zai yiwu ba, kuma zalunci ne a ƙasar da likitocin ƙashi ƙalilan ne, yawancinsu a manyan birane. An gwada wata hanya a kudancin Habasha. Wani likita mai suna Eshete ya tara maɗoran yankin da ƙananan ma'aikatan lafiya, ya yi wa maɗoran horo na yini ɗaya, ma'aikatan kuma na yini biyu, a kan haɗarin matse ɗauri, kuma rahoton da ya buga a 2005 ya nuna yanke gaɓoɓi saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Abin da ake buƙatar maɗori ya ƙara a kan gadonsa kaɗan ne. Ya bar yatsu a waje yana duba su safe da yamma, ya danna farce ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa 2, ya kwance ɗauri da zarar zafi ya ƙaru, ya kuma tura ƙugu, cinya, gwiwar hannun yaro da duk karayar da ta fasa fata zuwa likita a ranar. Cibiyoyin lafiya na Kornaka da Sabon Machi da asibitin gunduma na Dakoro suna da ma'aikatan da za su iya koyar da wannan, in aka gayyaci maɗoran da girmamawa ta hannun sarakuna da masu gari. Kuɗin ƙarfen ƙugun tsohuwa da motar da za ta kai ta Maraɗi kuwa, wannan nauyi ne da ke wuyan hukuma.