Darasin Tukunus

'Yan'uwa ɗalibai, kullum kukanmu ɗaya: a gina wa kowace jiha babban ɗakin bincike. Ni dai ban yarda ba. Ku dubi tashar Tukunus, arewa da Filinge. Tun 1954 take riƙe da aiki guda, zaɓen shanun Azawak masu nono, a fili mai fiye da hekta 4,000. Ciyawar da damina ta bayar ita ke yanke yawan garke. In an wuce kima, duka su rame. To haka ɗakin bincike yake: lantarki, masana da kuɗin gyara su ne ciyawarsa. Da gini goma babu mai kunna na'ura, wallahi gara guda ɗaya da za mu riƙa shiga bi da bi.