Ma'aunin Manazarta da Ma'aunin Mai Karatu

Duk wanda ya zauna a ajin Hausa, tun daga sakandare har jami'a, ya san jerin da manazarta ke kawowa idan aka ce su faɗi fitattun ƙagaggun labaranmu. Sukan fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Dokta East, sannan su ɗora Magana Jari Ce a bisa. In sun matso kusa, sai su ambaci Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. To, amma a tambayi matar aure a Tsafe, ko tela a Gusau, ko malamar firamare a nan Karakkai, cikin waɗanda suka tashi a shekarun 1990, wane littafi ne ya taɓa hana su barci. Sai a ji In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Wane jeri ke nan za mu ce ɗalibinmu ya bi, musamman mai sha'awar zama marubuci?

Wannan tambaya ta taɓa tayar da ƙura. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nasiha yana sukar sababbin littattafan, ya kuma laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, don kamanta su da ƴan littattafan kasuwar Anaca. A ƙarshen shekarun nan Abdalla Uba Adamu ya fito ya kare su a jaridar New Nigerian, aka yi ta ba-ta-kashi da alƙalami. Mu a namu ganin, kafin a goyi bayan kowa, ya kamata a duba ta wace hanya littafi ke shiga jerin manazarta.

Littattafai biyar na farko sun fito ne sanadin gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah sun fito daga gasar kamfanin NNPC, aka buga su a 1980. Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa kuwa gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya ce ta haife su, suka fito a 1982. Ashe ke nan yawancin jerin littattafai ne da suka bi ta ƙofa ɗaya: alƙalan gasa, da edita, da kamfani, sannan manhajar makaranta. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, wannan ƙofa ta kusa rufewa. Marubuta irin ƴan ƙungiyar Raina Kama ta Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa ƴan kasuwa. Littafin da ya fito ta haka ba shi da alƙali sai mai saye da mai haya.

An sha cewa abin da ya raba jerin biyu shi ne soyayya. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Jiki Magayi labarin saurayi ne, Abubakar, wanda mai dukiya, Malam Shehu, ya ƙwace masa Zainabu, ya fita neman ramuwa. In Da So Da Ƙauna, na 1991, labarin Sumayya ce ƴar masu hali, wadda ta nace wa Muhammad talaka alhali ana son haɗa ta da mai kuɗi. Jigon ɗaya ne, wato karon so da dukiya, shekaru fiye da hamsin a tsakani. Haka nan So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wadda ta yi dogon zama a Gusau, soyayyar Boɗaɗo da Yasir ce tun daga farko har ƙarshe, amma ga shi manazarta sun karɓe shi hannu bibbiyu. An kuma zargi sababbin marubuta da kwaikwayon finafinan Indiya. Gaskiya ne wasu sun yi. Sai dai shi ma Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa a Magana Jari Ce. Abin yabonsa shi ne yadda ya sa musu riga da wando na Hausa har ba a gane baƙi ne.

A nan ne manazarta suke da hujja, kuma wajibi mu ba su ita. Littafin da ya bi ta hannun edita ya sha tankaɗe da rairaya. Da yawa daga cikin littattafan kasuwa sun fito da karya ƙa'idojin rubutu, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana jan labari zuwa littafi na biyu da na uku don a ƙara ciniki, ana kashe tauraro da haɗarin mota idan marubuci ya rasa mafita. Mu da muke gyara takardun ɗalibai mun san inda wasu kurakuran suka samo asali.

Shi ma mai karatu yana da tasa hujjar. Matar da ta karanta labarin Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne, yadda Alhaji Abdu ya kore ta da ƴaƴa saboda amarya, ta ga abin da ya sami maƙwabciyarta, ko ita kanta. Ganɗoki, duk da zaƙin kirarinsa da yaƙe-yaƙensa, bai faɗa mata komai game da wannan ba. Ba ma jin kunyar cewa a wurinmu Ruwan Bagaja ya cancanci matsayinsa, domin har yau ɗalibai na dariyar Malam Zurƙe ba tare da an tilasta su ba, amma Idon Matambayi yawanci sunansa kawai ake haddacewa don jarrabawa. Littafin da ake girmamawa ba a buɗe shi, anya ya fi wanda ya zaga gida goma har bangonsa ya yage?

Shi kansa jerin ma yana motsi. Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990 cikin waɗanda aka raina, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Littattafan Balaraba da na Bilkisu sun zama abin rubuta kundayen digiri a jami'o'i. Masu karatu ne suka riga manazarta ganin darajarsu. Abin takaici, wasu littattafan na wancan lokaci sun ɓace, domin babu kamfanin da zai sake buga su, babu kuma ɗakin karatun da ya adana su. Zaɓin mai karatu yakan ɗaga littafi, amma ba ya iya ajiye shi shekara talatin. Wannan aikin manazarta ne.

Saboda haka shawararmu ga ƴan'uwa masu tasowa ita ce, a karanta jerin manazarta da idon mai koyon sana'a, a ga yadda Imam ke gina zance da yadda Sulaiman Ibrahim Katsina ke ƙulla zaren labari. A kuma saurari abin da ake karantawa a gidajen Bungudu da Tsafe, har da labaran da yanzu ake bi ta waya, don a san abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Su kuma manazarta, idan za su fitar da jeri, muna roƙon su faɗi ma'aunin da suka auna da shi, su kuma karanta littafi kafin su yanke masa hukunci. Ƙungiyarmu ma tana iya tara tsofaffin littattafan da ke hannun mambobi tun kafin gara ta gama da su. Allah Ya sa mu dace.