Karna da Ladan Kuturu

A cikin jaruman Mahabharata, babbar waƙar yaƙi ta Indiyawa, wanda ya fi tsaya mini a rai ba Arjuna ba ne, Karna ne, yayansa da ya kashe bai san jininsa ba ne.

Kunti ta haifi Karna kafin ta yi aure, ubansa kuwa Surya, abin bautarsu na rana. Don gudun abin kunya ta sa shi a kwando ta saki a kogi. Adhiratha, matuƙin keken doki, da matarsa Radha suka tsince shi suka raine shi. Ranar da 'ya'yan sarki ke nuna gwanintar harbi, Karna ya fito ya ƙalubalanci Arjuna, sai aka ce ya fara faɗin asalinsa. Ya sunkuyar da kai. Nan take Duryodhana ya naɗa shi sarkin Anga, ya wanke shi a bainar jama'a.

A ganina, tun daga wannan rana Karna ya daina mallakar kansa. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Daf da yaƙin Kurukshetra, Krishna ya bayyana masa cewa shi ne babban ɗan Kunti, idan ya sauya sheƙa sarauta tasa ce. Ya ƙi. Uwar da ta yar da shi ta zo roƙo, ya yi mata alkawarin ba zai kashe ko ɗaya cikin 'ya'yanta ba in ba Arjuna ba. Ko wa ya faɗi, 'ya'ya biyar za su rage mata. Kafin nan ma, Indra ya zo masa a kamannin mabaraci, ya yanke sulken da aka haife shi da shi ya ba shi, alhali ya san makirci ne.

Masu son Karna nan suke tsayawa, ni kuma nan nake rabuwa da su. Wannan mai kyautar ne ya ci mutuncin Draupadi a fada ranar caca, har ya zuga a tuɓe ta. Yana cikin waɗanda suka yi wa yaro Abhimanyu taron dangi. Amanar da ya riƙe wa mutum ɗaya ita ta sa ya zalunci wasu. Shi ya sa a rana ta 17 ta yaƙin, da ƙafar kekensa ta kafe a ƙasa, ya roƙi a bi ƙa'idar yaƙi, Krishna ya tuna masa da Draupadi da Abhimanyu, ya rasa amsa.

Masu shirya fim sukan sassauta masa. A Thalapathi na Mani Ratnam, na 1991, Rajinikanth ya fito a inuwar Karna, kuma ya tsira da ransa. Asalin labarin bai yi masa wannan rangwame ba, kuma ƙarfinsa ke nan. Ya bar mu muna tausayin mutumin da ba za mu iya wankewa ba.

Tambayar da Karna ya bar mini ba ta Indiya kaɗai ba ce. Idan wanda ya share maka hawaye ranar da kowa ya guje ka ya kama hanyar zalunci, har ina za ka raka shi? Karna ya raka nasa har lahira. Na girmama shi, amma ba zan so ɗana ya yi koyi da shi ba.