Ƙwallafa Rai a Fim ɗin Enthiran: Nazarin Wasan Rajinikanth

Tun cikin shekarun 1950, sa'ad da Kwarori masu gidajen silima su ka fara kawo fina-finan Indiya ƙasar Hausa, jama'a sun saba da labarin maza biyu masu neman mace ɗaya. Fim ɗin Enthiran, wanda S. Shankar ya shirya da harshen Tamil a 2010, a ka kuma fassara shi da Hindi da sunan Robot, shi ma a kan wannan turba ya ke. Abin da ya bambanta shi shi ne ɗayan manema biyun ƙarfe ne, kuma ɗan wasa guda, Rajinikanth, shi ya fito a matsayin dukkansu. Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa, domin Umaru Dembo ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Ga taƙaitaccen labarin. Wani masani, Dokta Vaseegaran, ya shekara goma ya na ƙera mutum-mutumi mai suna Chitti domin aikin soja, har ya yi watsi da budurwarsa Sana, watau Aishwarya Rai. Da a ka ga Chitti ba ya rarrabe daidai da kuskure, sai masanin ya cusa masa irin zuciyar ɗan Adam. Zuciyar nan kuwa ba ta kama kowa ba sai Sana. Vaseegaran ya fusata, ya sassare shi da gatari, ya zubar a juji. Tsohon malaminsa, Bohra, ya tsince shi, ya sa masa wani jan ƙwayar sarrafawa mai haddasa mugunta. Daga nan Chitti ya sace Sana ranar aurenta, ya ƙera ɗaruruwa irinsa, ya kashe Bohra.

Jigon fim ɗin ƙwallafa rai ne, watau mutum ya liƙe wa abu guda har ya daina ganin haƙƙin kowa. Abin lura, cutar ba daga Chitti ta faro ba. Vaseegaran ne ya fara ƙwallafa rai a kan aikinsa, Chitti ya gaji halin, ya juya shi kan mace. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Fuskar nan guda da su ke da ita ita ce hujjar wannan gado.

A nan ne gwanintar ɗan wasan ta bayyana. Rajinikanth ya na dab da shekara 60 sa'ad da fim ɗin ya fito, kuma a farkon sana'arsa ya sha fitowa a matsayin mugu. Chitti na farko ya yi shi da wuya a sandare, ido ba ya yawo, murya a miƙe kamar mai karanta takardar hukuma. Sa'ad da so ya shiga, bai sāke tafiyar ba, kallon kaɗai ya sāke: ido ya kan daɗe a kan Sana fiye da kima. Wannan ɗan jinkiri ya fi kowace magana nuna farkon cutar. Bayan jan ƙwayar kuwa, sai ya saki jiki, ya na taƙama, ya na dariyar ƙeta. Wurin da ya fi ban tsoro shi ne inda Vaseegaran ya ɓad da kama ya shiga cikin rundunar, Chitti ya na zagayawa ya na kukan tunkiya don ya tono shi. Mai kallo ya na dariya, gabansa kuma ya na faɗuwa.

Amma fa wasan ya na da rauni biyu. Na farko, Rajinikanth ya yi Vaseegaran a sanyaye, har ba a ganin zafin nacin da ya cinye masa shekara goma. An faɗi nacin da baki, ba a nuna shi a jiki ba. Na biyu laifin marubuci ne: jan ƙwayar ta ɗauke wa Chitti alhaki, ta mai da sharrin abin da a ka dasa daga waje, alhali ɗan wasan ya riga ya nuna tsironsa tun kafin Bohra ya taɓa shi. Wasan ya fi labarin gaskiya.

Ɗalibi a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu ba zai sha wuyar gane Chitti ba, domin ya san zancen aljanin da ya kan auri mace ya kore mata manema. Bambancin shi ne aljani ba wanda ya ƙera shi a cikin mutane, Chitti kuwa ya na da maƙeri, saboda haka tambayar alhaki ta na komawa kan mai ilmi. Malamin da ke koyar da wasan kwaikwayo zai amfana in ya nuna wa ɗalibansa wuraren nan uku ba tare da sauti ba, ya ce su faɗi lokacin da Chitti ya lalace. Lalle da yawansu za su nuna kallon nan na farko, tun ba a kawo jan ƙwayar ba.